Girgizar Ƙasa da Tsunami: Amsoshin Tambayoyin 'Yan'uwa da ke Zaune a Inda Ƙasa ke Motsi

Duk shekara idan sababbin ɗalibai suka sauka a Istanbul, ko 'yan kasuwarmu suka zo sarin kaya a Laleli da Merter, tambayoyinsu ba sa wuce kuɗin haya, katin zama, da inda ake samun garin tuwo. Sai ranar da fitilar ɗaki ta fara lilo da kanta, sannan wayata ta ɗauki ruri. Ban ga laifin kowa ba. Mun san ambaliya, mun san gobarar kasuwa, mun san iskar farkon damina mai kwashe kwanon rufi, amma babu kakar da ta taɓa ba mu labarin abin da ake yi idan ƙasa ta motsa. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da abin da na sani a kansu.

Me ke kawo girgizar ƙasa?

Ɓawon duniya ba ɗaya ba ne dunƙule. A tsattsage yake, kamar tukunyar ƙasa da ta fashe aka sake harhaɗa ta. Manyan ɓangarorin nan suna tafiya a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara, kusan yadda farce ke tsiro. A inda biyu suka haɗu sai su cije, su yi shekaru ɗaruruwa suna turereniya ba mai matsawa. Ranar da dutsen ya gaza, sai ya suɓuce a cikin daƙiƙoƙi. Wannan suɓucewar ce muke ji a ƙafafunmu.

Turkiyya tana matse ne tsakanin ɓangaren Larabawa da ke turowa daga kudu da na Turai da Asiya a arewa. Wata doguwar tsaga ta ratsa arewacin ƙasar ta shige ƙarƙashin tekun Marmara, daf da kudancin Istanbul. Ita ce ta motsa a Izmit ranar 17 ga Agustan 1999, mutum fiye da 17,000 suka rasu. Tun a 1509 mutanen Istanbul suka ga wata wadda suka raɗa wa suna "Ƙaramar Alƙiyama". Japan, Indunusiya, Iran, Chile da arewacin Afirka duk irin wannan zaman suke yi.

Idan aka ce ƙarfin girgiza maki 6 ne ko maki 7, ai bambancin ɗaya ne kacal?

A'a. Kowane maki ɗaya da aka ƙara, ƙarfin ya ninka kusan sau 32. Mai maki 8 ta fi mai maki 6 kusan sau 1,000.

Sai dai lambar ba ita ke yanke hukuncin yawan gawa ba. A Janairun 2010 mai maki 7.0 ta afka wa Haiti, mamata suka haura 100,000, gwamnatin ƙasar ma ta ce sun wuce 300,000. Bayan mako shida mai maki 8.8 ta afka wa Chile, waɗanda suka rasu ba su kai 600 ba. Chile tana da dokar gini, kuma ana bin ta.

Ana iya sanin ranar da za ta zo?

Ba a iyawa. Masana na iya cewa wannan tsagar ta cika ta batse, amma ba wanda ya isa ya ce ran Talata ce. Duk saƙon WhatsApp da ya sa rana da sa'a, ƙarya ne, kada ka tura wa kowa.

Abin da ake da shi shi ne gargaɗin daƙiƙoƙi. Girgiza na aiko da ɗan motsi mai sauri a gaba, mai ɓarnar yana biye. Na'urori na kama na farkon su aika saƙo. Japan ta daɗe da wannan tsarin, wayoyin Android ma suna yi a ƙasashe da dama. Shiga saitin wayarka ka kunna shi yau. Daƙiƙa biyar ta isa ka janye yaro daga gaban taga.

Ƙasa ta fara motsi ina cikin ɗaki. Me zan yi?

Kada ka gudu. Na san zuciya ba ta yarda da wannan, domin duk abin da muka koya a gida, daga gobara har rugujewar bango da damina, cewa yake fita waje. Amma a nan gudun ke jawo rauni.

Yaran Turkiyya tun daga firamare ake haddace musu kalmomi uku, "çök, kapan, tutun": durƙusa, kare kai, riƙe. Ka durƙusa tun kafin girgizar ta kayar da kai. Ka shige ƙarƙashin tebur mai ƙwari, ko ka raɓa jikin bangon ciki nesa da taga, ka dunƙule, hannu ɗaya a kan ƙeya da wuya. Ɗayan hannun ka riƙe ƙafar teburin, domin shi ma tafiya yake yi. In a gado ta same ka, zauna a nan, ka kifa, ka rufe kai da matashi. Ka tsaya haka har ta lafa.

Ranar 23 ga Afrilun 2025, ana gab da azahar, mai maki 6.2 ta kaɗa Istanbul. Ina kicin a lokacin. Abin da na fara ji ƙarar cokula ce a cikin durowa, sannan ruwan butar shayi ya fara tangal-tangal, sannan kabad ɗin saman ya buɗe kofuna suka zubo. Duk da abin da na sani, ƙafata ƙofa ta nufa, sai da na tsare kaina da ƙarfi na durƙusa a gefen tebur. Ranar girgizar ba ta rusa unguwanni ba, amma fiye da mutum 150 aka kai asibiti saboda sun diro daga tagogi da baranda don firgita. Shi ya sa nake roƙon kowa ya gwada durƙuson nan a ɗakinsa ko sau biyu ne, shi da iyalinsa. Abin da jiki ya saba da shi yake yi ranar da hankali ya tashi.

Ba a ce a tsaya a bakin ƙofa ba? Matattakala fa, ko lif?

Bakin ƙofa a ginin zamani bai fi sauran wurare ƙwari ba, ƙyauren ma na iya maka ka. Matattakala na cikin abin da ke fara karyewa, ga turmutsutsu. Lif kuwa wuta na ɗaukewa ka maƙale. Baranda, ko kusa da ita kada ka je.

In a waje nake, ko a mota, ko ina cikin salla?

A waje, matsa zuwa fili, nesa da bango, turakun lantarki da allunan shaguna. Gindin gini ya fi ko'ina haɗari, nan gilashi da bulo ke saukowa. A mota, gangara gefe ka tsaya, ba a kan gada ko ƙarƙashinta ba, ka zauna a ciki.

Salla kuwa, malamai sun yarda a yanke ta domin tsirar da rai, a sake daga baya. A masallaci mai cunkoso, ruguwa zuwa ƙofa ɗaya ya fi girgizar kanta haɗari. Ka kauce daga ƙarƙashin manyan fitilun da ke rataye, ka dunƙule, ka kare kai.

Ta tsaya. Sai me?

Sa takalmi kafin komai, ƙasa cike take da gilashi. Kashe gas. In ka ji warinsa, kada ka kyasta ashana, kada ka taɓa makunnin wuta. A girgizar Tokyo ta 1923, wadda ta ci rai fiye da 100,000, gobara ce ta kashe mafi yawa, domin ta zo da tsakar rana ana girki. Sannan ka ɗauki jakarka ka sauka ta matattakala a natse, ka tafi filin taruwa na unguwarku. A Turkiyya kowace unguwa na da nata, kana iya dubawa a e-Devlet, shafin intanet na gwamnatin ƙasar. Lambar gaggawa 112 ce.

Abu mafi muhimmanci: kada ka koma ginin da ya tsage. Ranar 6 ga Fabrairun 2023, da ƙarfe 4:17 na asuba, mai maki 7.8 ta rusa garuruwan kudancin Turkiyya da arewacin Siriya mutane na barci. Bayan kamar awa tara, wata mai maki 7.5 ta biyo baya. Gine-ginen da suka jure ta farko da kyar, ta biyun ta ƙarasa su, wasu da mutane a ciki sun koma ɗaukar bargo ko takardu, domin lokacin tsananin sanyi ne. A Turkiyya kaɗai sama da mutum 53,000 suka rasu.

In gini ya danne ni fa?

Rufe hanci da baki da riga saboda ƙura. Kada ka yi ta ihu, ƙarfinka zai ƙare ka shaƙi ƙura a banza. Nemi ƙarfe, bututun ruwa ko bango ka riƙa ƙwanƙwasawa sau uku-uku. Masu ceto a Turkiyya kan sa kowa ya yi tsit, a kashe injuna, sannan ɗaya ya ɗaga murya: "Sesimi duyan var mı?", wato akwai mai jin muryata? Haddace wannan jimlar. In ka ji ta, lokacin bugu da ihu ya yi. Kwana uku na farko su ne mafi fatan samun mutum da rai, amma a 2023 an zaro mutane da ransu bayan fiye da kwana goma.

In kai ne a waje, ka sani cewa maƙwabta ne ke ceton mafi yawa. A girgizar birnin Kobe na Japan ta 1995, kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka zaro da rai, dangi da maƙwabta suka zaro su. Wannan ya sa ba na jin daɗin ganin ɗalibanmu sun shekara a bene ba su san sunan na ƙofar gaba ba. Gaisuwa ba ta da tsada, kuma mutumin nan shi zai ce wa masu ceto akwai baƙi uku a hawa na biyu. Wanda nauyi ya danne wa ƙafa ko hannu awanni, ko ya fito yana magana lafiya lau, a kai shi asibiti, domin gubar tsokar da ta daddage na lalata ƙoda.

Zan kama haya. Ta yaya zan gane gini mai aminci?

Nan ne maganar take, domin duk durƙuson duniya ba ya ceton wanda bene bakwai ya zube a kansa kamar an jera faifai.

Tambayi shekarar da aka yi ginin. Waɗanda aka gina kafin 2000 sun fi haɗari, a wasu ma yashin teku aka kwaɓa simintin da shi, har ɓawon katantanwa ake gani a ciki, gishirin kuma ya cinye rodin. Sauka ƙasan ginin da idonka. In ka ga ginshiƙi ya tsage, ko siminti ya ɓare rodi ya fito da tsatsa, ko danshi ya jiƙe bango, juya. Duba hawan ƙasa: in shago ne ko wurin sayar da motoci mai faɗi fetal babu bango, ka tambaya ko an sare ginshiƙi don a faɗaɗa shi. Wannan ɗabi'ar ta rusa gine-gine da yawa. Ka nemi ganin takardar izinin ginin da ta inshorar girgizar ƙasa ta dole, wadda ake kira DASK. Na taɓa neman waɗannan takardun wurin wani mai gida, ya yi ta kewaye-kewaye har ya ƙare da rage mini kuɗin haya. Ban kama ba.

Sabon fenti ba shaida ba ne. Christian Atsu, ɗan ƙwallon Gana da ke wasa a Hatayspor, ya ci ƙwallon nasara a wasansu na ranar 5 ga Fabrairun 2023, washegari da asuba katafaren benen zamani da yake zaune a Antakya ya kife. Sai ranar 18 ga watan aka samu gawarsa. A lardin Hatay ɗin dai, akwai garin Erzin, inda gine-gine ba su rushe ba. Ƙasar wurin ta taimaka, amma an kuma shaidi hukumar garin da ƙin lamuntar gini ba bisa ƙa'ida ba.

Na san ɗalibi arha yake bi, kuma gidan ƙarƙashin ƙasa a tsohon gini shi ne mai arha. Gara ku haɗu ku huɗu a gini mai kyau da ku biyu a wancan. In kun shiga, ku ɗaure kabad da kantar littattafai a bango, ku janye gado daga ƙarƙashin taga.

Me ake sawa a jakar gaggawa?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ruwan sha, dabino ko biskit, tocila, usur, abin cajin waya, maganin da kake sha kullum, kuɗi a hannu domin na'urar cire kuɗi ba ta aiki in babu wuta, kwafin fasfo da katin zama a cikin leda, da rigar sanyi mai nauyi. Mata su sa audugarsu da hijabi, masu jarirai madara da kunzugu. A gida kuma a ajiye ruwan kwana uku, lita uku zuwa huɗu ga kowane mutum a rana. Jakar ta zauna a bakin ƙofa, takalmi a gefen gado.

Mece ce tsunami, kuma me ya raba ta da igiyar ruwa ta yau da kullum?

Kalmar Japananci ce. Idan girgiza ta ɗaga ƙasan teku, duk ruwan da ke kai, daga ƙasa har sama, yakan tashi ya bazu. A tsakiyar teku gudunsa na kaiwa kilomita 800 a awa, kamar jirgin sama, amma mai jirgin ruwa ba zai ma lura ba. Da ya iso gaɓa sai ya rage gudu ya taru ya yi tsiri. Igiyar da iska ke kaɗawa takan fashe ta koma. Wannan ba ta komawa da wuri, tekun ne ɗungurungum ke shigowa gari, baƙi ƙirin, ɗauke da motoci, katako da kwanon rufi. Iya iyo ba ya amfani a cikinsa.

Ta 26 ga Disambar 2004, wadda ta taso daga gaɓar Sumatra, ta kashe kusan mutum 230,000 a ƙasashe 14, mafi yawa a lardin Aceh na Indunusiya. Bayan kamar awa bakwai ta iso Somaliya ta kashe masunta a can. Ko tekun Turkiyya bai tsira ba: a Oktoban 2020, bayan girgizar Izmir, ruwa ya shiga titunan Sığacık.

Ina bakin teku. Wace alama zan jira?

Girgizar kanta ita ce alamar. In ta yi ƙarfin da tsayuwa ta gagare ka, ko ta daɗe kamar minti guda, to da zarar ta lafa, kama hanyar tudu. A nan dokar ta juye: a ɗaki an ce kada ka gudu, a gaɓa kada ka tsaya. Kada ka jira jiniya ko saƙon waya. A Palu ta Indunusiya, a Satumbar 2018, ruwan ya iso cikin 'yan mintoci.

Alama ta biyu, teku ya janye baya fiye da yadda aka saba, kifaye na fafal-fafal a yashi. A 2004 mutane da yawa sun gangara kallo da tsintar kifi. Wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 10, Tilly Smith, wadda aka koya musu wannan a aji makonni biyu kafin nan, ta gane abin a gaɓar Phuket ta ƙasar Thailand, ta matsa wa iyayenta, aka kwashe mutanen bakin ruwan. Alama ta uku, rugugi kamar na jirgin ƙasa. Amma ba kullum ruwan ke janyewa ba, kada ka ce sai ka gani.

Tafi da ƙafa, mota cunkoso take haɗawa. Nemi tudu mai tsayin mita 30, ko ka yi nisan kilomita biyu zuwa uku. In lokaci ya ƙure, hau bene mai ƙwarin siminti, hawa na huɗu ko sama. Guji bakin kogi, ruwan na bin sa ya shige can ciki. Kuma igiyar farko ba lalle ita ce babba ba, suna zuwa ne bi da bi har awanni. Zauna a sama sai hukuma ta ce a sauko.

A tsibirin Simeulue, wanda ke daf da inda girgizar 2004 ta tashi, mutum bakwai kacal suka rasu cikin kusan 78,000. Ba su da na'ura ko ɗaya. Abin da suke da shi labarin "smong" ne, wanda kakanni ke rera wa jikoki tun bayan ambaliyar 1907: in ƙasa ta girgiza, teku ya janye, a hau dutse.

In koma in ɗauko iyalina, ko in jira su?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yi mini nauyi, domin a tarbiyyarmu wanda ya gudu ya bar nasa ya yi abin kunya har abada. Mutanen gaɓar Sanriku a Japan, waɗanda teku ya sha cinye musu zuri'a sukutum saboda kowa ya koma neman kowa, suna da wata magana, "tsunami tendenko": kowa ya hau tudu daga inda yake. Alkawari ne da iyali ke ɗaura wa juna tun ana zaman lafiya. Uwa ta san ɗanta ba zai tsaya jiran ta ba, don haka ba za ta gangara neman sa ba, a sama za su haɗu.

Ranar 11 ga Maris 2011, da ƙarfe 2:46 na rana, mai maki 9 ta afka wa arewa maso gabashin Japan. Mamata da waɗanda suka ɓace sun haura 18,000, fiye da kashi 90 cikin 100 na mamatan ruwa ne ya ci su. A garin Kamaishi, inda Farfesa Toshitaka Katada ya yi shekaru yana horar da 'yan makaranta, ɗaliban ƙaramar sakandare suka fita da gudu, suka riƙo hannun 'yan firamaren da ke maƙwabtaka da su. Da suka isa wurin da aka tanada suka ga bai yi musu ba, sai suka ƙara hawa sama. Kusan dukkan 'yan makarantar garin, su wajen 3,000, sun tsira. A firamaren Okawa kuwa, a Ishinomaki, an tara yara a filin makaranta kusan minti 50 ana shawarar inda za a nufa, alhali ga tudu a bayan makarantar. Yara 74 cikin 108 da malamai 10 ruwa ya tafi da su.

Wanda ke kusa da kai, yaro ko tsoho, kama hannunsa ku tafi. Amma komawa cikin gari neman wanda ba ka san inda yake ba, a'a. Ku zauna da iyali ku sa wurin haɗuwa tun yanzu.

Duk wannan shirin bai saɓa wa tawakkali ba? Ai wanda kwanansa ya ƙare sai ya tafi.

Haka ne, ajali ba ya jinkiri. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a ji ɗan kwangila ya rage rodi, gini ya danne bayin Allah, sannan a rufe maganar da kalmar ƙaddara. Motsin ƙasa daga Allah ne. Rodin da aka rage kuwa, akwai mai amsa tambaya a kansa.

A gida fa, Najeriya, Nijar ko Gana, muna da abin tsoro?

Ƙasar Hausa tana zaune a kan tsohon dutse mai natsuwa, nesa da bakin tsagogin nan, kuma tsunami ba ta da hanyar zuwa Kano ko Damagaram. Amma an ji motsi a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da Mpape a Abuja a Satumbar 2018. Accra ta fi mu haɗari: a Yunin 1939 girgiza ta rusa gidaje ta kashe mutane a can, don haka 'yan'uwanmu na Nima da sauran zangunan birnin su ɗauki maganar da gaske. Ƙasar Gini ma ta gani a Disambar 1983, ɗaruruwa suka rasu.

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A Maroko, a Satumbar 2023, mai maki 6.8 ta kashe kusan mutum 3,000, yawancinsu a ƙauyukan tsaunukan Atlas masu ginin ƙasa da dutse. Mu kuwa benayenmu na faɗuwa a Legas da Kano da Jos ba tare da ƙasa ta ko motsa ba.

Ɗana yana can, na ji labari a rediyo, wayarsa ba ta shiga. Yaya zan yi?

Baba, Inna, ku yi haƙuri ku daina jera kira. Layukan cushewa suke yi, kowane kira kuma yana cin cajin da wataƙila shi ne zai haɗa shi da masu ceto. Ku tura gajeren saƙo ɗaya, shi ya fi saurin shiga. Ku fara tambayar sunan garin da abin ya faru, domin daga Antakya zuwa Istanbul tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000.

Ku kuma ɗalibai, tun yau ku tura wa gida cikakken adireshinku, da sunan unguwa, lambar gini da hawan da kuke, da lambar wayar abokai biyu. Ku yi rajista da ofishin jakadancinku da ƙungiyar ɗalibai. Ku zaɓi mutum ɗaya a gida wanda za ku fara sanarwa, shi ya isar wa sauran dangi. Da zarar kun isa filin taruwa, kafin hoto, kafin Facebook, ku rubuta masa: ina lafiya, ina wuri kaza.